Ruwa Ɗaya, Fayil Biyu: Yadda Ƙarfe 12 na Dare Ke Yanka Bincike

A ɗauka hadari ya taso daga gabas wajen ƙarfe 11 na dare a tsakiyar watan Agusta, ya kece a kan wani gari, bai ɗauke ba sai ɗaya da rabi. Kwatoci sun cika sun tumbatsa, katangu sun zube a unguwa biyu, gari ya waye kowa na maganar ruwan daren jiya. A harabar wata makaranta akwai ma'aunin ruwan sama na zamani, irin mai ɗan cokali a ciki wanda ke tuntsurewa duk sa'ad da ya cika, kowace tuntsurewa kuma na'ura ta rubuta lokacinta. A daren nan ya ƙirga milimita 80. Sai dai manhajar da ke adana lissafin an tsara ta ne ta rufe fayil ta buɗe sabo da zarar ƙarfe 12 ya buga, saboda haka milimita 45 suka faɗa fayil ɗin ranar 14, sauran 35 suka faɗa na ranar 15. Bayan shekara goma injiniya zai zo gina kwalbati a unguwar, ya buɗe kundin yana neman ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a rana guda, ya ga 45 ya wuce, ya ga 35 ya wuce. Ruwan da ya rushe katangu yana cikin kundin, ba a ɓatar da ɗigo ɗaya ba, amma babu mai ganinsa.

Wannan ƙaramin al'amari ne a ido, irin wanda ake barin wa ɗalibi ko mai kula da kwamfuta ya yanke yadda ya ga dama. Ni kuwa ina ganin yana daga cikin shawarwarin da ke gyara bincike ko ɓata shi tun kafin a fara lissafi. Matsayina shi ne, idan na'ura ko mai bincike ya tara fayiloli na samfura, ko na jini ne, ko na ruwa, ko hotunan taurari, kamata ya yi a haɗa su rukuni-rukuni gwargwadon kusancinsu a lokaci: waɗanda aka ɗauka a jere, ba doguwar tazara a tsakaninsu, su zauna tare, ko da rabinsu na Talata ne rabi na Laraba. Kwanan wata ya zauna a matsayin lakabi da ake liƙa wa kowane fayil don a gane shi. Hukuncin wane fayil ne ɗan'uwan wane, a bar wa tazara.

Dalili na farko shi ne ƙarfe 12 na dare yarjejeniya ce ta mutane, don sauƙin albashi da shari'a da jadawalin jirage. A 1884 ne wakilan ƙasashe suka zauna a Washinton suka amince da layin da agogon GMT ke bi, da kuma ranar duniya da za ta riƙa farawa da tsakar dare. Babu abin da ke faruwa a sararin sama ko cikin jinin mutum a wannan daƙiƙa. Hasali ma daƙiƙar ba ɗaya ba ce: idan sha biyu ta buga a Kano da Yamai, a Akara ƙarfe 11 ne, a Khartum ƙarfe ɗaya. Na'urori da yawa suna rubuta lokaci da agogon GMT, kwamfutar da ke karɓar fayilolin kuma tana kan agogon gida, don haka awo guda da aka yi a Zariya da ƙarfe 12 da rabi na dare yana iya ɗaukar kwanan wata biyu, gwargwadon wanda ka tambaya. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya a 2023 ta faru ranar 6 ga Fabrairu da ƙarfe 4:17 na asuba a agogonsu, alhali a gabashin Amurka ana daren 5 ga wata ne. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, tunda shi ma yana rayuwa da rana iri biyu. Daren Juma'a a bakinmu shi ne wanda ke shiga da magaribar Alhamis, wata yana kamawa ne da faɗuwar rana, kuma da kwana muke ƙirga tafiya da suna da zaman makoki. Dare a wurinmu abu guda ne daga magariba zuwa asuba. Kwamfuta ce ta zo ta raba shi gida biyu, muka karɓa ba tare da tambaya ba.

Masana taurari ne suka fara cin karo da matsalar, domin su aikinsu duka na dare ne. Tun zamanin Batlimus na Iskandariyya suke fara ƙirga ranarsu daga tsakar rana, kuma littattafan lissafin taurari na Ingila da Amurka ba su koma tsakar dare ba sai a 1925. Tsarin ƙirga ranaku a jere da John Herschel ya yaɗa a 1849, wanda ya gina a kan lissafin Joseph Scaliger na 1583, har yau da tsakar rana yake sauya lamba, kuma amfanin hakan a bayyane yake: duk abin da mai duba taurari a Turai ko Afirka ya gani daga faɗuwar rana zuwa fitowarta lamba ɗaya yake ɗauka. Dabara ce mai kyau, amma a lura da iyakarta, domin a nan ne hujjar masu cewa a matsar da layin kawai take karyewa. Tsakar rana a agogon GMT ƙarfe 2 na dare ne a Hawayi, inda wasu daga cikin manyan maduban hangen taurari na duniya suke a kan dutsen Mauna Kea, ƙarfe 10 na dare kuma a gabashin Ostireliya. Layin da ya ceci daren Bature shi ne ya yanka daren waɗancan. Duk inda ka kafa layi mara motsi, akwai aikin wani da zai faɗo a kansa.

Masu auna ruwan sama ma sun matsar da nasu layin. A Ingila ana karanta ma'auni da ƙarfe 9 na safe, a Indiya takwas da rabi, a Ostireliya tara. Ingila na mayar da abin da ta karanta ga ranar da ta gabata, Ostireliya kuwa tana rubuta shi a ranar da aka karanta, wato ruwa iri ɗaya, kwanan wata daban. Duk da matsar da layin, ruwa bai fasa tsallake shi ba, har aka iya auna girman asarar. A 1961 David Hershfield na hukumar yanayi ta Amurka ya nuna cewa idan ana so a gano ainihin ruwa mafi yawa da ke zuba cikin awa 24 a jere, sai an ninka alƙaluman da aka samu daga karatun rana-rana da 1.13. Ma'ana, yanka ruwa a ƙayyadadden lokaci yana rage girman manyan ruwaye, har sai an ƙara musu kusan kashi 13 cikin 100 a matsakaici, inda kundin ya ce milimita 100, injiniya ya yi shirin 113. Wannan lamba tana cikin littattafan koyar da injiniyoyin ruwa har yau. Faci ce da aka yi wa ɓarakar da tsarin adanawa ya haifar, kuma a zamanin da mutum ne ke zuwa da kwalbar awo sau ɗaya a rana babu yadda za a yi. Yanzu da na'ura ke rubuta lokacin kowane ɗigo, ci gaba da yanka shi rana-rana sannan a dawo ana faci, ganganci ne.

Abin ya fi shafarmu a yankin Sahel fiye da Ingila, saboda irin ruwanmu. Mafi yawan ruwan damina a nan manyan hadura ne ƙalilan ke kawo shi, waɗanda ke haɗuwa da yamma a kan tuddai irin duwatsun Azbin da tsaunukan Jos, su nausa yamma da gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa, suna tafe cikin dare. Shi ya sa a Yamai ruwa ya fi yawa a tsakanin tsakar dare da asuba. Hadari guda yana iya zuba a gari ɗaya kafin sha biyu, ya isa gari na gaba bayanta, kundi ya nuna kamar abubuwa biyu ne suka faru a ranaku biyu. Masu binciken Nijar da Faransa da suka baza ma'aunai masu yawa a kewayen Yamai tun 1990 sun gane haka, suka ɗauki saukar hadari guda a matsayin ma'aunin lissafinsu, kuma suna ɗaukar cewa ya ƙare ne idan an yi minti 30 babu ma'aunin da ya ga ruwa. Manomi bai buƙatar a yi masa bayanin wannan. Ruwan shuka a wurinsa ruwa ɗaya ne, ko da ƙarfe nawa ya fara.

A fagen lafiya akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. Tsutsar da ke haddasa tundurmi da gwaiwa, wadda sauro ke yaɗawa, 'ya'yanta suna ɓuya a can cikin jiki da rana, su fito cikin jinin da ke kusa da fata da dare, daidai lokacin cizon sauro. Patrick Manson ne ya lura da haka a garin Amoy na ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1870. Saboda haka idan ana son ganinsu da ido a madubin likita, tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 2 ake ɗibar jinin, ko da yake yanzu akwai gwajin kati da ake iya yi da rana. A duba yadda daren irin wannan aiki yake: ma'aikata sun kafa tebur a ƙofar gidan mai gari, fitila ɗaya, kwalin gilasai ɗaya, mutanen ƙauye sun yi layi, ana huda yatsa ana shafa jini a gilashi ana rubuta lamba. Wanda aka huda da ƙarfe 11:55 da wanda aka huda da 12:05 maƙwabta ne, hannu ɗaya ya ɗebi jininsu, launi ɗaya za a rina gilasansu da shi. Idan aka zo shigar da hotunan gilasan a kwamfuta aka bar ta ta jera su da kwanan wata, na biyun zai bar maƙwabcinsa ya koma cikin jakar mutanen wani ƙauye da aka je washegari da ƙarfe 10 na dare, awa 22 a tsakaninsu. Haka abin yake ga masu kama sauro don ƙirga cizo, waɗanda ke zama daga 6 na yamma zuwa 6 na safe: dare guda ne ma'auninsu, kuma sha biyu tana faɗowa a tsakiyarsa.

Mai karatu zai iya cewa ai tunda kowane fayil na ɗauke da lokacinsa, ina ruwan wani da jakar da aka jefa shi? Amsar tana cikin yadda ɗakin gwaje-gwaje ke aiki. Na'urar da ke auna sinadarai ba ta ba da amsa iri ɗaya kullum. Zafin ɗaki, tsufan sinadarin gwaji, hannun ma'aikaci, duk suna ɗan karkatar da ita. Shi ya sa kafin a fara zuba samfura ake fara gwada ta da ruwan da babu komai a cikinsa da kuma wanda aka riga aka san ƙarfinsa, a daidaita sauran sakamakon da su. Injin da aka ɗora wa samfuri ɗari da la'asar yana iya kaiwa asuba yana aiki shi kaɗai. Idan manhajar lissafi ta ɗauka cewa kwanan wata shi ne rukuni, samfuran bayan sha biyu za su rabu da gwajin da aka daidaita injin da shi dominsu, a haɗa su da na aikin gobe, wanda wataƙila da sabuwar kwalbar sinadari aka yi shi. A 2010 Jeffrey Leek da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Nature Reviews Genetics da ya nuna yadda bambancin rukunin aiki ke shiga cikin manyan binciken ƙwayoyin halitta har a ɗauke shi a matsayin bambancin cuta da lafiya, kuma sun nuna cewa ranar da aka sarrafa samfuri, wadda ake yawan dogaro da ita wajen gyara, wakiliya ce kawai ta ainihin abin da ya bambanta rukunan. Wakilin da ke raba aiki ɗaya gida biyu, ya haɗe ayyuka biyu na safe da na dare wuri guda, ba wakilin kirki ba ne.

Yadda ake yin abin da nake kira gare shi ba wuya. A jera fayilolin duka bisa lokacin da aka ɗauki kowane samfuri, a duba tazarar da ke tsakanin kowanne da na bayansa, duk inda tazarar ta wuce iyakar da aka ɗiba, a ja layi a fara sabon rukuni. Shi ke nan. Ɗalibin da ya iya jera lambobi a Excel zai yi shi cikin rabin awa. Kamfanin Google ma da haka yake ƙirga ziyarar mutum a shafin intanet, minti 30 na shiru ya rufe ziyara. Tsohon tsarinsa yana ƙara yanke ziyara da tsakar dare, sabon da ya fito a 2020 ya daina.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi sauƙin amsawa ita ce cewa kwanan wata kowa ya san shi, ba ya buƙatar bayani, kuma akwai kundayen ruwan sama na sama da shekara ɗari da aka tara rana-rana, waɗanda dole a ci gaba da kwatanta sababbin alƙaluma da su. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a daina fitar da jimillar rana. Abin lura shi ne hanyar ɗaya ce take da komowa: wanda ya adana hadari guda da cikakken lokacinsa zai iya fitar da jimillar kowace rana a duk sa'ad da ya so, da layin sha biyu ko na tara na safe. Wanda ya riga ya niƙe alƙalumansa zuwa 45 da 35 ba zai taɓa sanin ko ruwa ɗaya ne ko biyu ba.

Suka mai nauyi ita ce ta iyakar tazara. Wa ya ce minti 30, wa ya ce awa shida? In layin sha biyu son rai ne, ai wannan ma son rai ne, har ya fi haɗari, domin mai bincike mara gaskiya zai iya ta juya lambar har sakamako ya fito yadda yake so, alhali tsakar dare ba ta karɓar cin hanci. Wannan magana ce ta gaskiya kuma dole a ɗauke ta da muhimmanci. Bambancin shi ne iyakar tazara ana iya ciro ta daga halin abin da ake aunawa, a kuma kare ta da hujja. Wischmeier da Smith, waɗanda suka tsara lissafin zaizayar ƙasa da ma'aikatar gona ta Amurka ta wallafa a 1978, sun ɗauki awa shida na ɗaukewar ruwa a matsayin rabuwar ruwa da ruwa. Gardner da Knopoff a 1974, da suke ware ƙananan girgiza masu biyo bayan babba a kudancin Kalifoniya, sun sa tsawon lokacin da faɗin wurin su ƙaru gwargwadon ƙarfin girgizar, domin babba ta fi daɗewa tana haihuwa. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023 ta auku da ƙarfe 11:11 na dare; babu masanin da zai ce motsin da ya biyo baya bayan minti 50 wani sabon al'amari ne don kalanda ta juya. A ɗakin gwaji kuwa sau da yawa alƙaluman da kansu ke nuna iyakar: samfura na bin juna minti goma-goma, sai a ga giɓin awa tara, duk lambar da ka zaɓa tsakanin awa ɗaya da takwas rukuni iri ɗaya za ta ba ka. Maganin maguɗi kuma sananne ne, a rubuta iyakar da dalilinta kafin a ga sakamako, a bayyana ta cikin rahoto, a gwada rabinta da ninkinta a nuna ko amsar ta canza. In ta canza, wannan ma labari ne da ya kamata mai karatu ya sani, wanda tsarin rana-rana zai binne shi shiru.

Akwai inda tsarin tazara ba ya aiki, kuma gara a faɗa. Na'urar da ke auna zafi ko ƙurar iska kowane minti, dare da rana, ba ta da giɓi, don haka duk shekara za ta zama rukuni ɗaya; irin wannan dole a yanka ta da agogo, sai dai a zaɓi lokacin da abin da ake nema ya fi lafawa. Sannan tsarin ya dogara kacokan ga amincin agogon na'ura, wanda a ƙasashenmu ba abin wasa ba ne. A ɗauke wuta, ƙaramin batirin cikin na'ura ya mutu, ta farka tana cewa yau 1 ga Janairun 1970 ne. A kwafi fayiloli zuwa filashi ko a tura su ta WhatsApp, lokacin da ke jikinsu ya koma na ranar kwafi. Amma a lura, waɗannan matsaloli suna ɓata tsarin kwanan wata daidai yadda suke ɓata na tazara, har ma agogon da ya yi kuskuren awa uku bai taɓa tazarar da ke tsakanin samfura ba, alhali yana iya jefa rabinsu cikin wata rana. Abin da ake buƙata a duka biyun ɗaya ne: a rubuta cikakken lokaci cikin sunan fayil ko a cikinsa, shekara, wata, rana, awa, minti, da agogon da aka bi, kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tanada tun 1988.

Wani zai ce duk wannan wahalar ba ta taso ba in ma'aikaci ya ba kowane zaman aiki lamba tun farko ya rubuta a littafin ɗakin gwaji. Na yarda ɗari bisa ɗari, lambar da mutum ya rubuta da hannunsa ta fi duk wani hasashen manhaja. Sai dai duk wanda ya taɓa gadon kwamfutar wani ɗakin gwaji ya san abin da ake tararwa: dubban fayiloli, mai aikin ya gama digiri ya tafi, littafin ya ɓata ko gara ta ci. A irin wannan hali lokacin da ke jikin fayil shi kaɗai ne shaidar da ta rage, kuma tambayar ita ce yadda za a karanta shi. Ko inda lambar take, tazara na taimakawa wajen kama kuskure, domin zaman aikin da aka ce ɗaya ne amma da giɓin kwana biyu a cikinsa yana buƙatar bayani.

Kirana ga malaman da ke duba kundayen ɗalibai a jami'o'inmu, da hukumar yanayi ta NiMet da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da takwarorinsu, da masu rubuta wa ɗakunan gwaji manhaja: duk rahoton da ya ce an kasa samfura rana-rana, a tambayi mai shi ƙarfe nawa ranarsa ke farawa, da agogon wace ƙasa, da kuma samfuri nawa ne suka faɗo cikin awa guda kafin layin ko bayansa. In ba shi da amsa, a mayar masa da aikin ya je ya duba.